Fadamar Haɗeja: Yadda Sabon Maharbi Ke Raba Shekararsa

Matafiyin da ya taso daga Kano ya yi gabas, da zarar ya wuce mararrabar Gujungu zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Rairayi ya yawaita, goriba tana tsaye ƙungiya-ƙungiya a bakin hanya, tuddan yashi sun miƙe dogo-dogo, tsakaninsu kuma kwari ne mai baƙar laka. Kafin ka shiga Haɗeja warin bandar kifi ya riga ya gaya maka ruwa yana kusa. A wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne kogin Haɗeja, wanda ya kwaso ruwan kogin Kano da na Challawa, yake rasa gaɓar da za ta riƙe shi, sai ya rarrabu hannu-hannu ya bazu. Kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos shi ma haka yake yi ta kudu. Sai can wajen Gashuwa ruwan yake sake tattara kansa, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Abin da ke tsakanin nan, daga Kirikasamma da Guri a Jigawa har Nguru da ƙasar Bade a Yobe, shi ne fadamar da na je gani a tsakiyar ɗari.

Ba kallon ruwa kaɗai ya kai ni ba. Akwai kukan da nake yawan ji a bakin samarin da suka shigo harkar farauta kwanan nan, musamman na birni da kewayensa, wai daji ya ƙare. Yaro ya tara kuɗi ya sayi kare, ya samo gora, ya bi ayari cikin rani an cika mota maƙil, a yini cikin rana, a dawo da zomo guda ana ta jayayya a kansa. Bai yi wata fitar kirki ba damina ta sauka, ya ɗaure kare sai baɗi. A ganinsa iyakar shekarar farauta ke nan. Ni kuwa na so in ga yadda mutanen da daji da ruwa da gona suka haɗu a ƙofar gidansu suke lissafa tasu shekarar.

A wani ƙauye da ke kan hanyar Kirikasamma aka haɗa ni da wani dattijon maharbi. Zaurensa ƙarami ne, ƙasa a share tas. A bango an rataye kwari da baka, da tsohuwar bindigar toka da aka ɗaure ƙotarta da fata, da burgami da ya yi baƙi saboda daɗewa. Daga sama, a soke cikin azara, ga kan burtu. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka kayan wasa ne: dogon wuya mai lanƙwasa, baki baƙi, da igiyar fata da ake ɗaurewa a goshi. Maharbi yakan ɗaura shi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe, yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo. Barewa ta saba ganin burtu a daji, ba ta gudunsa, har mutum ya matso inda kibiya za ta kai. Dattijon ya ce ya daɗe bai ɗaura shi don harbi ba, domin barewar ta yi ƙaranci, burtun kansa ma sai ka yi tafiya kafin ka ji kukansa. Yanzu yana sauko da shi ne don koya wa yara sanɗa.

Ɗalibinsa na yanzu ɗan ƙaninsa ne, saurayi da ya gama sakandare, bara ya fara bin sa. Yaron ya gaya mini da kansa cewa ya zo ne da maganar sayen kare da bindiga, Baba ya ce a ajiye wannan tukuna. Abin da aka miƙa masa burgami ne da gorar ruwa. Aikinsa ya bi baya, ya yi shiru, ya duba ƙasa.

Da asuba na bi su, na kuma ga dalilin da ya sa fadama ta fi kowane daji daɗin koyo. Ruwa yana janyewa a hankali tun ƙarshen kaka, yana barin laka mai laushi a gefensa, duk abin da ya zo shan ruwa cikin dare ya bar sawunsa ɓaro-ɓaro. Dattijon yakan tsaya ya nuna da sanda, ya ce, ɗan nan, wane ne ya wuce nan? Zomo in yana gudu, sawun ƙafafunsa na baya ne ke faɗawa gaban na gaba, don haka wanda bai sani ba sai ya bi sawu ta inda aka fito, ya bar inda aka nufa. Guza tana barin layin jela a tsakiyar sawun farata. Inda zabin daji suka yi wankan ƙura za ka ga 'yan ramuka da gashi mai ɗigo-ɗigo. Ana duba gefen sawu, in ya bushe ya fara rugujewa to na jiya ne, in yana da danshi mai shi bai yi nisa ba. Sai kuma iska. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, saboda haka duk inda suka nufa sai sun zagayo ta yadda iska za ta riƙa bugun fuskarsu. In ta kwanta har ba a jin ta, dattijon ya ɗebi ƙura ya saki a hankali ya ga inda ta karkata. Ba a harbi komai ba a wannan safiya, amma yaron ya karanta mini abin da ya faru a bakin wannan ruwa tun daga magariba har wayewar gari, kuma sau da yawa Baban nasa gyaɗa kai kawai yake yi.

Da muka dawo zaure aka kawo fura, sai na kawo kukan samarin birni. Dattijon bai musa ba cewa manyan namun daji sun tafi. Ya ce, Malam, wanda ya san ƙofa ɗaya ce kawai a shekara, in an rufe ta dole ya ce gari ya ƙare. Daga nan ya shiga lissafa mini shekarar, ya kuma fara daga kaka, ba daga rani ba.

A kaka, in ji shi, sabon maharbi ba daji yake bukata ba, izinin mai gona yake bukata. Lokacin da gyaɗa da wake suka nuna, kurege ya addabi manomi. Gafiya tana haƙa ƙarƙashin rumbu. Kurciya da hasbiya suna sauka a masussuka garke-garke, fakara kuma tana fitowa gefen gona da sassafe da kuma yamma lis. Duk waɗannan manomi yana neman wanda zai rage masa su. Abin da aka koya wa yaron shi ne ya je ya gaida mai gona a gida, ba a gona ba, ya faɗi ɗan wane ne shi, ya nemi izinin kafa tarko, ya yi alkawarin ba zai taka shuka ba, ba zai bar tarko ya kwana biyu bai duba ba, kuma ba zai kafa inda akuya ko yaro zai faɗa ba. In ya kama, ya kai wa mai gonar rabonsa. Ta haka gona ɗaya ta jawo masa ta maƙwabci, har ya zamana ana aiko masa. A ganina wannan ita ce babbar damar da samarinmu suke tsallakewa. Babu garin da gonaki ba su kewaye shi ba a ƙasar Hausa, amma gaisuwa da neman izini sun fi wa wasu nauyi a kan biyan kuɗin mota zuwa daji mai nisa. Kuma a farautar gona ake koyon haƙuri da dako da sanin halin dabba ɗaya-ɗaya, abin da hayaniyar ayari ba ta koyarwa.

Akwai wani abokin gaba na manoman wannan yanki da ya zama abin farauta mai zaman kansa, wato jan-baki. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma yana zuwa ne dubbai-dubbai, in ya taso sai ka ce hadari ne ya haɗo. Gonar shinkafa ko gero ko alkama da ya sauka a kai, kafin yamma an yi asara. Yara suna yini a kan dakali suna kaɗa gwangwani suna ihu. Da dare tsuntsayen sukan taru su kwana cikin kacalla, a nan masu raga suke samunsu. Ana figewa, a soya, a kai kasuwa. Aiki ne na haɗin gwiwa, kuma babu manomin da zai hana ka. Sai dai dattijon ya ja kunnen yaron a gabana: gwamnati takan turo jirgi ya yi feshin magani a makwancin jan-baki, don haka duk inda aka yi feshi, tsuntsun da aka tsinta a ƙasa ba na ci ba ne, ba kuma na sayarwa ba.

Da sanyi ya kama sosai sai fara ta shigo lissafi. Wani zai ce kamun fara ba farauta ba ne. A wannan yanki ba a raina shi. Cikin dare ko da asuba, lokacin da sanyi ya ɗaure mata fiffike, ake fita da tocila da buhu ana tsinta a jikin ciyawa da ƙananan itatuwa. A turara, a shanya, a soya da yaji. Yaron ya ce da kuɗin fara ya sayi takalmin daji da adda. Ban da kuɗin, ya koyi tafiya cikin daji da dare ba tare da ya ɓata ba, ya san inda ake sa ƙafa da inda ba a sa hannu.

Amma abin da ya sa sunan wannan fadama ya kai ƙasashen waje tsuntsayen ruwa ne, kuma a kansu ne na fi son sabon maharbi ya natsu.

Mun shiga Baturiya rana ba ta gama fitowa ba, hazo ya rufe ko'ina. Itatuwan gabaruwa da giyayya suna tsaye cikin ruwa har gwiwa. Kafin ido ya ga komai kunne ya cika: kirinjijiya suna ta fito a sama, garke na bin garke. Da hazo ya ɗan yaye sai ga dinya manya-manya a kan wani tsibirin ciyawa, zalɓe a tsaye shi kaɗai kamar an dasa shi, balbela fari fat a bayan shanun da ke ƙetare ruwa. Can tsakiyar tafki kuma ƙananan agwagin ruwa ne rututu, waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Daga Turai da arewacin Asiya suke tasowa in sanyin can ya tsananta, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris. Bayan hamada, wannan fadama tana cikin ruwayen farko da suke tararwa. An lissafa nau'in tsuntsu fiye da 300 a yankin.

Dattijon bai ɗauko ko da danƙo ba a wannan rana, kuma ya hana yaron ɗaukar adda. Baturiya gandun daji ne, ba a harbi a ciki. Tun 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara da Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, da kuma tafkin Dagona na ƙasar Bade. Dagona yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, shi ne wurin da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo kallon tsuntsaye a 1989. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa, tare da Falgore ta Kano da wasu wurare. Saurayin da ya shiga irin waɗannan wurare da makami, ba gardamar mai gona zai tarar ba, ma'aikatan gandun daji da kotu zai tarar.

To me ya kawo maharbi inda ba a harbi? Kallo. Dattijon ya zaunar da yaron a gindin wata gabaruwa, suka yi ta lura da lokacin da dinya ke tashi zuwa kiwo, ta wace kusurwa take fita, wane tsuntsu ne ke fara ganin mutum ya tona masa asiri. Tsuntsun da ba a tsorata shi ba yana nuna halinsa na gaskiya, wanda ba za ka taɓa gani ba a inda ake harbi kullum. Ni kuma abin da na ƙara fahimta a wurin shi ne, gandun nan ba gaba yake yi da maharbi ba. Zabin da ake samu a gefen gonakin ƙauyuka, da dinyar da ke sauka a shinkafa, daga inda aka bar su suka hayayyafa suke fitowa. In aka cinye na ciki, na waje ma ya ƙare. Gauraka ta ishe mu misali. Dattawan yankin sun taso suna ganinta garke-garke tana rawa a fadama, yau yaro zai girma a nan bai taɓa sa ta a ido ba. Kama ta da aka riƙa yi ana kai wa gidajen masu hali don ado yana cikin abin da ya kawo haka.

Abu guda kuma da ya shafi lafiya: tsuntsun ruwa da aka tarar a mace ko yana layi, ba a ɗauka. A gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a Najeriya, a 2006, kuma tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna cikin masu ɗauke da ita. Mushe dai dama haram ne, amma har taɓa shi da hannu a kiyaye.

Sai rani, lokacin da kowa ya sani. Ciyawa ta bushe, an kwashe amfanin gona, ganga ta tashi. Dattijon maharbi ne na kaɗaici, mai sanɗa da dako, amma bai raina farautar gayya ba, ya ce a cikinta ya yi ƙuruciya. Ba a fita sai da sanin Sarkin Baka, shi ke sa rana, ya faɗi dajin da za a shiga, ya aika wa masu garin da ke kusa. A jeru a faɗaɗa, karnuka a gaba, makaɗa a baya, kowa na kirari. Da zomo ya tashi sai ihu ya kaure, gora ta yi ta shawagi. Akwai daɗi a ciki wanda ba ya faɗuwa, akwai zumunci tsakanin garuruwa, kuma nan ne kare yake nuna ko an hore shi. Malamai sun yi bayani a kan wannan: abin da horarren kare ya kamo halal ne in an ambaci sunan Allah lokacin sakinsa, in kuma an tarar da dabbar da sauran rai sai a yanka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun kuma karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, ba don ci ko wata bukata ba.

Sai dai dattijon bai ɓoye aibin gayya ba. Rigimar wa ya fara bugu, karen wa ya fara kamawa, ita ce ke juyewa ta zama sara da suka, musamman in an haɗu da 'yan tauri na gari biyu masu tsohuwar jiƙaƙƙa, ko an sha abin da aka sha. Saboda irin wannan ne hukumomin tsaro a wasu jihohi sukan dakatar da fitar gayya lokaci zuwa lokaci. Umarnin da ya ba yaron a fili yake: ya tsaya a gefen layi kusa da babba, kada ya shiga tsakiya, in an yi gardama a kan nama ya saki, zomo bai kai jinin mutum ba. Ya kuma hana shi sa wa daji wuta ko da kowa na sawa. A wannan fadama rani ne lokacin da Fulani suke gangarowa da shanu daga nesa saboda ɗanyar ciyawa. Wanda ya ƙone wurin kiwo don ya kori gafiya daga rami, ya ƙone abincin dabbobin wani, ya kashe ƙananan itatuwa, ya kuma kunna fitinar da za ta fi shekara ba ta mutu ba. Ɓerayen da wuta ta koro kuwa cikin gidaje suke faɗawa, a daidai lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa.

A ƙarshen rani, da tafkuna suka ƙafe, wata ƙofar take buɗewa a ƙarƙashin ƙafa. Gaiwa ba ta bin ruwa in ya janye. Takan nutse cikin laka, ta naɗe kanta cikin wani kumfa da ke bushewa a jikinta, ta bar 'yar ƙaramar kafar shan iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Mai ido yana bin busasshiyar laka yana neman wannan kafa, ya haƙa da fartanya, ya ciro kifi da ransa daga ƙasar da ta tsattsage. Yaron ya ce ranar da ya fara ciro ta da hannunsa ya fi murna a kan ranar da ya fara kama kurege. Ragowar ruwan da bai ƙafe ba kuma akwai ranar su, wadda masu ruwa suke sawa, ba a shiga kafin a buɗe. Wanda yake son ganin su na gayya a cikakken tsarinsa, ya je bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. A nan iyakar da ke tsakanin maharbi da masunci ba ta da kauri, mutum ɗaya yakan zama duka biyun gwargwadon wata.

Da shamuwa ta iso ta fara gyara sheƙa a kan itatuwan cikin gari, lissafi ya ƙare. Ita dai ba a taɓa ta, baƙuwar damina ce. Daga nan a rataye kwari a ɗauki fartanya. Zabi da fakara suna kan ƙwai, zomo na da 'ya'ya. Wanda ya kwashe ƙwan zabo a damina ya cinye farautarsa ta kaka. Watannin nan na gyaran tarko ne, da horar da ɗan kwikwiyo, da noma abin da za a ci.

Ba zan bar mai karatu da zaton cewa fadamar tana nan yadda take ba. A hanyarmu ta zuwa Guri mun bi gefen wata mashiga da aka ce da kwale-kwale ake wucewa a da. Yanzu kacalla ce ta cike ta, doguwa ta fi mutum, kore shar har iyakar gani. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi a damina ta janye a rani ta sauya hali. Ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, yashi ya taru a mashigai, kacalla ta samu abin da take so. Inda ta toshe, wani gari ya nutse, wani kuma ruwa ya daina kai masa. Ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan jan-baki. Ga sare itace da ake yi ana lodawa zuwa birane, ga gonakin rani da ke ƙara shiga inda da kurmi ne. Mutanen ƙauyuka suna fita gayya da lauje da kwale-kwale suna yanke kacalla don buɗe hanyar ruwa, kuma yaron yana cikin masu fita. Baban nasa ne ya tura shi, ya ce wanda zai ci daga fadama sai a gan shi ranar aikinta.

Da yamma, kafin in yi sallama, maganar bindiga ta dawo, domin yaron bai manta da ita ba. Dattijon ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, takarda ake fara nema kafin ƙarfe. Dokar makamai ta Najeriya ta ce ko bindigar toka ce sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta 1985, ta jera waɗanda ba a kashewa ba a kuma fataucinsu, cikinsu har da kada da mesa da damo da guza, waɗanda yara da yawa suke ɗauka kamun kowa ne. Ga kuma rajista da ƙungiyar maharba ta yanki, da katin shaida, da sanin Sarkin Baka.

Wannan ya fi zama dole ga mai niyyar fita nesa, domin da yawa daga samarin da suka ce daji ya ƙare a gida, kudu suke nufa. Ba wanda ya manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Kano da ke kan hanyar dawowa gida hutun Sallah, aka kashe mutum 16 bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne da babu abin da zai wanke shi, kuma takarda ba ta tsayar da taron da ya riga ya yanke hukunci. Duk da haka dattijon ya ce shi ba zai bar nasa ya yi irin wannan tafiya ba sai ya shekara uku yana juya shekarar gida, sannan ya tafi cikin ayarin da ke da shugaba, da masauki sananne, da sanin hukumar inda za a sauka. Dazuzzukan yamma kuwa, na wajen Zamfara da Birnin Gwari, ya ce ba wurin sabon shiga ba ne a wannan zamani, ko an gayyace shi.

Na tambayi yaron abin da ke gabansa. Ya lissafa da yatsu: sauran fara kafin sanyi ya sake, sai jan-baki in alkama ta fitar da kai, domin masu gonaki sun riga sun yi masa magana, sai gayyar farko da Sarkin Baka zai sa wa rana, sai gaiwa. Akwai kuma wata karya a maƙwabta da ke gab da haihuwa, Baba ya ce in ta sauka lafiya zai zaɓar masa ɗa guda, a fara horo da damina.